Ciwon Damuwa: Yadda Mummunan Tunani Ke Riƙe Mutum, Da Yadda Ake Magance Shi Ta Hanyar Tattaunawa

A 'yan shekarun nan maganar ciwon damuwa ta fito fili a cikin al'ummarmu fiye da yadda aka saba. Ana tattauna ta a gidajen rediyo, ana muhawara a kanta a Facebook da TikTok, kuma duk lokacin da labari ya ɓulla cewa wani matashi ko wata matar aure ta yi yunƙurin hallaka kanta, sai muhawarar ta dawo sabuwa. Tambayoyi biyu ne suka fi yawo a bakin mutane. Ta farko ita ce, idan har tunani ne ke jawo wannan ciwo, me ya hana mai shi ya daina tunanin ya huta? Ta biyu kuwa, ta yaya zama a yi magana da wani zai zama magani, alhali mara lafiyar yana da iyaye da 'yan'uwa da malamai waɗanda kullum cikin yi masa magana suke, suna ba shi haƙuri, amma bai warware ba?

Duka tambayoyin suna da ma'ana, kuma amsarsu tana cikin wani aiki da likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam suka shafe fiye da shekara 60 suna yi, wanda ya kamata a ce mutanenmu sun san shi fiye da yadda suka sani yanzu.

Mene ne ciwon damuwa?

Baƙin ciki ba ciwo ba ne. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ya yi asarar jari, ko aurensa ya mutu, dole ransa ya ɓaci, kuma a mafi yawan lokuta yakan dawo daidai a hankali yayin da kwanaki ke tafiya. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa shi ne yanayin da mutum zai kwashe aƙalla mako 2 yana cikin ƙuncin zuciya kusan duk yini kuma kusan kullum, ko ya daina jin daɗin duk abin da a da yake faranta masa, tare da wasu alamu kamar rikicewar barci, rashin cin abinci ko cinsa fiye da kima, kasala mai nauyi, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da yawan tunanin mutuwa, har abin ya kai ga hana shi sana'arsa ko kula da iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, cewa ya fi yawa a tsakanin mata, kuma cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan larura ba sa samun wani magani. A wajenmu da yawa daga cikinsu sukan je asibiti ne da ƙorafin ciwon kai, zafi a tsakar ka, faɗuwar gaba da ciwon jiki, a yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot ba tare da wani ya tambaye su halin da zuciyarsu ke ciki ba.

Abin da Aaron Beck ya gano a Filadelfiya

Bayanin da ke danganta ciwon damuwa da tsarin tunani ya fi shahara ne da sunan Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi aiki a Jami'ar Pennsylvania da ke birnin Filadelfiya, wanda aka haifa a 1921 ya kuma rasu a 2021 yana da shekara 100. Beck ya samu horo ne a kan tafarkin Sigmund Freud, wani shahararren likita ɗan ƙasar Austriya, wanda mabiyansa ke ganin ciwon damuwa fushi ne da mutum ya kasa fitarwa, sai ya juya shi a kan kansa. A ƙarshen shekarun 1950 ya ƙudiri aniyar tabbatar da wannan ra'ayi ta hanyar bincike, ya shiga tattara mafarkan marasa lafiyarsa yana sa ran zai tarar da su cike da gaba da ƙiyayya. Abin da ya tarar daban ne: mafarkan cike suke da rashi, da faɗuwa, da kora, da zama saniyar ware, wato daidai da yadda mutanen ke kallon kansu idan suna farke.

Daga nan ya koma sauraren su da kunne na daban. Ya sha ba da labarin wata mara lafiya da ta yi ta zuba masa bayani a kan rayuwarta, da ya tambaye ta a ƙarshen zaman me take ji sai ta ce fargaba, da ya ƙara bin diddigi sai ta bayyana cewa tun da ta fara magana wani tunani ke ta gilma mata cewa ta gundure shi, kuma haka take ji a gaban kowa. Wannan tunani bai taɓa fitowa daga bakinta ba sai da aka tambaya, domin ba ta ɗauke shi a matsayin tunani ba, ta ɗauke shi a matsayin gaskiyar da ba ta buƙatar faɗa. Beck ya lura cewa kusan duk marasa lafiyarsa suna da irin wannan magana ta biyu da ke gudana a ƙarƙashin maganarsu ta fili, gajera, mai saurin wucewa, wadda ke zuwa da kanta ba tare da an gayyato ta ba. A 1961 ya fitar da ma'aunin tambayoyi 21 na auna tsananin ciwon, wanda har yau ake amfani da shi, a 1967 ya wallafa cikakken bayanin ra'ayinsa, sannan a 1979 shi da abokan aikinsa suka fitar da littafin jagora na yadda ake gudanar da jiyyar. A kusan lokaci guda wani masanin, Albert Ellis, yana birnin New York yana gina ra'ayi makamancin wannan. Haɗuwar ayyukansu da na masu nazarin ɗabi'a ita ta haifar da jiyyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ma'aikatan lafiya ke taƙaita sunanta da CBT.

Yadda tunanin ke kama mutum

Ginshiƙin bayanin shi ne cewa tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai fassarar da ya yi wa abin, kuma a ciwon damuwa wannan fassara ce ke karkacewa zuwa ɓangare ɗaya. Beck ya ce karkatar tana bayyana ta fuska uku: yadda mutum ke ganin kansa, yadda yake ganin duniya da mutanenta, da yadda yake hangen gobe. Shi a wajensa ba shi da amfani, mutane ba sa ƙaunarsa kuma komai ya fi ƙarfinsa, sannan babu ranar da hakan zai canja. Fuska ta ukun ita ce mafi haɗari, domin bincike ya nuna cewa yanke ƙauna yana daga cikin abubuwan da suka fi alaƙa da yunƙurin kashe kai.

Mu ɗauki misalin wani tela da ya yi ɗinkin sallah, ya sallami mutum 30, sai mutum ɗaya ya dawo da riga ya ce wuyan bai zauna ba. Telan da ke cikin ƙoshin lafiya zai ji ba daɗi, ya farke wuyan ya gyara, gobe ya manta. Wanda ciwon ya kama kuwa, kafin mai rigar ya bar ƙofar shago wani tunani ya riga ya gilma masa cewa shi dama bai taɓa iya komai ba. Wannan shi ne yin kuɗin goro, wato a ɗauki kuskure ɗaya a yanke wa rayuwa gaba ɗaya hukunci da shi. Bayansa sai wani ya biyo, cewa yanzu labari zai zaga unguwa, masu kawo ɗinki su watse, yara su kwana da yunwa, wato hango mafi munin abin da zai iya faruwa tare da ɗaukarsa kamar ya riga ya faru. Da yamma maƙwabcinsa ya wuce a kan babur bai ɗaga masa hannu ba, sai ya tabbatar wa kansa cewa shi ma ya ji labari ya raina shi, alhali ba shi da wata hanya ta sanin abin da ke zuciyar maƙwabcin. Idan ɗansa ya faɗi jarrabawa, laifinsa ne shi kaɗai. Idan aka yaba wani ɗinkinsa, ai kara ce aka yi masa. A ma'auninsa aiki ko dai ya zama babu aibi ko kaɗan, ko kuma ya zama shirme, babu tsaka-tsaki. Zuciyarsa ta koma kamar rariya da ke zubar da gari ta riƙe tsaki: mutum 29 da suka tafi suna murna sun zube ta ƙasa, mai ƙorafi ɗaya ya rage a sama, shi kaɗai ake gani.

Me ya sa wani ke faɗawa wannan hali, wani kuma ba ya faɗawa ko da sun gamu da jarrabawa iri ɗaya? Amsar Beck ita ce akwai wasu aƙidu masu zurfi da mutum ke ɗauka game da kansa, galibi tun yana yaro, daga irin tarbiyya da wahalar da ya sha. Yaron da ya tashi ana kiransa daƙiƙi, ko marainiyar da ta tashi a gidan da ake nuna mata ita kaya ce, ko wanda bai taɓa jin yabo ba sai ranar da ya zo na ɗaya, yana iya girma da wata doka a ransa, kamar cewa darajarsa tana rataye ne da kada ya taɓa yin kuskure, ko cewa duk wanda ya san shi sosai zai guje shi. Irin wannan aƙida tana iya kwanciya shekara da shekaru ba ta motsa ba, sai ranar da wani abu ya faru da ya yi daidai da ita, kamar saki, ko kora daga aiki, ko karyewar jari, sannan ta farka ta karɓe ragamar fassara.

Daga nan sai abin ya shiga ciyar da kansa. Telan da ya yarda cewa bai iya ba zai fara makara wajen buɗe shago, ya kashe waya don kada a kira shi, ya daina zama a majalisa, ya janye daga zumunci. Masu kawo ɗinki da suka zo sau biyu suka tarar da shago a rufe za su koma wani wuri da gaske, sai ya ce ga shi nan abin da ya faɗa ya tabbata. Duk abin da zai iya kawo masa ɗan jin daɗi ko shaidar cewa yana da amfani ya yanke shi da hannunsa, abin da ya rage masa sai kwanciya a ɗaki yana saƙa da warwara. Masaniyar halayyar ɗan Adam Susan Nolen-Hoeksema ta nuna a bincikenta tun farkon shekarun 1990 cewa masu yawan juya damuwarsu a zuci suna tambayar kansu me ya sa ni, me ke damuna, ba tare da sun kai ga wani mataki ba, ciwonsu ya fi daɗewa kuma ya fi tsanani.

Wannan ya amsa tambaya ta farko. Mai ciwon ba ya iya daina tunanin da umarni domin bai san tunani yake yi ba. A wajensa gani yake yi. Kuma ba shi ya zaɓi tunanin ba, don haka babban zalunci ne a juya wannan ilimi ya zama sandar dukansa, a ce masa ai kai ka sa wa kanka.

Abin da ke faruwa a zaman jiyya

Nasihar da dangi ke yi tana gaya wa mutum abin da ya kamata ya ji: yi haƙuri, cire abin a ranka, dubi na ƙasa da kai. Niyyar mai kyau ce, amma mai ciwon yakan fassara ta da irin fassarar da yake yi wa komai, ya ce ga shi kowa na iya haƙuri sai shi, ya ƙara samun dalilin tsanar kansa. Jiyyar CBT ta bi wata hanyar. Tana da tsari da wa'adi, galibi zama 12 zuwa 20, sau ɗaya a mako, kowane zama kusan awa guda, kuma kowane zama yana da abin da aka amince za a tattauna da aikin da mara lafiya zai tafi da shi gida. Mai jiyyar ba ya cewa tunaninka ƙarya ne. Yakan ɗauki tunanin a matsayin zargi da ke buƙatar shaida, su biyun su zauna su bincika.

Sau da yawa ba da tunani ake farawa ba, musamman idan ciwon ya yi nauyi. Akan fara da rubuta yadda mutum ke cinye yininsa awa bayan awa, sannan a tsara ƙananan ayyuka da zai iya: ya yi wanka da safe, ya buɗe shago na awa biyu ko da ba zai taka keke ba, ya je gaida mahaifiyarsa ranar Juma'a. Ƙa'idar ita ce kada a jira sai sha'awar yin abu ta zo, domin a wannan ciwo sha'awa takan biyo bayan aiki ne. Bayan haka ake koya masa kama tunanin a daidai lokacin da ya gilma, ya rubuta abin da ya faru, abin da ya ji, da maganar da ta zo masa a zuci. Sai a kawo takardar zama na gaba, a yi tattaunawa irin wannan:

"Malam, ka rubuta cewa ba ka iya ɗinki ba. Idan aka ce ka auna yardarka da wannan magana daga sifili zuwa 100, nawa za ka ba ta?"

"Ranka ya daɗe, 90, in ma ba ta fi ba."

"Kaya nawa ka ɗinka a sallar nan, kuma nawa aka dawo da su?"

"Za su kai 30. Ɗaya aka dawo da shi."

"Sauran fa?"

"Ai waɗannan kunya ce ta hana su magana."

"Zai yiwu haka ne. Ta yaya za mu gane ko kunya ce ko kuwa aikin ne ya yi musu?"

A lura cewa telan bai sallama ba, kuma mai jiyyar bai ja da shi ba. Abin da za su yi shi ne su shirya gwaji: ya buɗe littafin da yake rubuta awo, ya ƙirga mutum nawa cikin waɗannan 30 suka taɓa kawo masa ɗinki a baya suka sake dawowa, kuma kafin ya buɗe littafin ya rubuta adadin da yake tsammani. Idan ya yi tsammanin 3 ya tarar da 20, shi da kansa ya gano tazarar da ke tsakanin abin da zuciyarsa ke gaya masa da abin da ke rubuce da hannunsa, kuma wannan ya fi yabon mutum goma tasiri a wajensa. Haka nan akan tambaye shi abin da zai ce wa ƙaninsa da a ce shi ne aka dawo wa da riga, domin mafi yawan masu wannan ciwo suna yi wa kowa adalci ban da kansu. Maƙasudin shi ne ya kai ga magana mai daidaito wadda zai iya yarda da ita, kamar cewa ya yi kuskure a wuya ɗaya cikin gaggawar sallah kuma yana iya gyarawa. Ba a neman ya ce shi ne gwanin teloli, domin zuciya ba ta karɓar yabon da ta san ba gaskiya ba ne.

Idan kuma binciken ya nuna cewa tunanin gaskiya ne, misali bashi ya yi masa katutu da gaske ko maigida yana dukan matarsa da gaske, sai aikin ya koma neman mafita mataki-mataki. A zaman ƙarshe-ƙarshe akan taɓo waɗancan tsofaffin aƙidu, a kuma shirya abin da mutum zai yi idan ya ga alamun ciwon na dawowa, domin burin shi ne ya tafi da dabarar a hannunsa.

Me bincike ya nuna?

A 1977 Beck da abokan aikinsa suka wallafa gwajin farko, inda suka kwatanta jiyyar da wani maganin damuwa mai suna imipramine a kan marasa lafiya 41, jiyyar ta yi rinjaye. An soki tsarin wannan gwaji, kuma wani babban bincike da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi, wanda aka wallafa a 1989, ya jefa shakku a kan amfanin jiyyar ga masu ciwo mai tsanani. A 2005 Robert DeRubeis da Steven Hollon suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 240 masu matsakaici zuwa matsanancin ciwo, suka tarar bayan mako 16 kashi 58 cikin 100 sun samu sauƙi a ɓangaren masu shan magani, haka ma kashi 58 a ɓangaren masu jiyyar tattaunawa. Abin da ya fi ɗaukar hankali ya zo ne da aka ci gaba da bin marasa lafiyar na tsawon shekara guda bayan haka: cikin waɗanda suka samu sauƙi, ciwon ya dawo wa kusan kashi 31 na waɗanda suka kammala jiyyar tattaunawa, kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani, da kashi 76 na waɗanda aka janye musu maganin. A kan irin waɗannan hujjoji ne Ingila ta buɗe shiri na ƙasa a 2008 domin samar da jiyyar tattaunawa kyauta a ƙarƙashin hukumar lafiyarta.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da ƙwayoyin magani. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, ya nuna dukkansu sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri. Wasu nazarce-nazarcen kuma sun nuna cewa ga mai ciwo mai tsanani haɗa magani da jiyyar tattaunawa ya fi kowane ɗaya shi kaɗai.

Inda masana suka saɓa

Babbar sukar da ake yi wa ra'ayin Beck ita ce wane ne ya riga wani. Mummunan tunani yakan ragu idan ciwon ya lafa, ko da da ƙwaya aka magance shi, wanda ke nuna cewa yana iya zama alamar ciwon maimakon tushensa. Magoya bayan ra'ayin sun amsa da bincike iri biyu: wanda ya bi ɗaliban jami'a da ba sa cikin ciwon na tsawon shekaru ya tarar masu irin wannan salon tunani sun fi kamuwa daga baya, da wanda ya nuna cewa cikin waɗanda suka warke, waɗanda ɗan ɓacin rai kaɗan ke tayar musu da tsohon tunanin sun fi saurin komawa ciwon. A ganina abin da hujjoji suka fi ƙarfafawa shi ne cewa tunanin yana cikin abubuwan da ke riƙe ciwon su hana shi tafiya, ko da ba shi kaɗai ya kawo shi ba, tunda gado, da lafiyar jiki, da haihuwa, da shaye-shaye duk suna da hannu.

Suka ta biyu ta fito ne daga cikin gida. A 1996 Neil Jacobson da abokan aikinsa suka rarraba jiyyar gida-gida, suka tarar cewa ɓangaren mayar da mutum ga ayyukansa, shi kaɗai ba tare da binciken tunani ba, ya yi tasiri daidai da cikakkiyar jiyyar. Wani gwaji a Ingila a 2016 ya ƙara tabbatar da haka, kuma da ƙananan ma'aikata aka gudanar da shi a kan kuɗi mafi sauƙi. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje da yawa sun kuma nuna cewa wasu nau'o'in jiyyar tattaunawa, kamar wadda ke mayar da hankali kan dangantakar mutum da na kusa da shi, suna yin aiki kusan daidai da CBT, kuma cewa an ɗan zuzuta tasirin dukkansu a rahotannin farko.

Suka ta uku ita ce ta fi shafar talaka. Tun a 1978 George Brown da Tirril Harris suka nuna, a binciken da suka yi a kan mata a unguwar Camberwell ta Landan, cewa ciwon yakan biyo bayan masifu na zahiri, kuma ya fi kama matar da ba ta da wanda za ta buɗe wa cikinta, ko take da ƙananan yara da yawa a gida, ko ta rasa mahaifiya tun tana ƙarama. Matar da rikici ya raba da ƙauyenta take zaune a sansanin 'yan gudun hijira ba karkataccen tunani ne ya ƙone mata gida ba. Jiyya tana iya taimaka mata ta rabu da tunanin cewa laifinta ne ko cewa ita ta gama yawo, amma ba ta maye gurbin abinci da tsaro da adalci, kuma duk mai jiyyar da ya manta da haka ya cuci mara lafiyarsa.

Batun imani da tawakkali

Akwai masu cewa ciwon damuwa raunin imani ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma babu mai cewa tawakkalinsa ya yi rauni. Abin da ya kamata a sani shi ne ciwon yakan shiga har cikin ibadar mutum ya karkatar da ita: mai yawan ibada sai ya fara ganin cewa addu'arsa ba ta karɓuwa, zunubinsa ya wuce gafara, Allah ya yi fushi da shi. Wanda ya zo ya ce masa imaninka ne ya yi ƙasa ya sa hannu ne a kan hukuncin da ciwon ya riga ya yanke masa. Malami ko fasto da ya fahimci haka yana iya zama babban mataimaki, ta hanyar tunatar da shi rahama da kuma tura shi asibiti.

Kuma magance tunani da tunani ba baƙon abu ba ne a tarihin ilimin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da dalili ba, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar maganin jiki. Ya ba da shawarar a nemi mai hikima ya yi wa mutum magana daga waje, shi kuma ya tanadi ingantattun tunane-tunane tun yana lafiya domin ya tunkari munanan da su idan sun taso.

Me wannan ke nufi ga mai ƙaramin ƙarfi?

Nijeriya, mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano ba za su iya ɗaukar kowa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin marasa lafiya, amma doka ba ta samar da ma'aikata da kanta. Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne an tabbatar cewa wannan jiyya tana koyuwa ga wanda ba likita ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan lafiya mata da ke shiga gida-gida, suka yi amfani da hotuna wajen koya wa masu juna biyu gane tunani mara amfani da sauya shi, suka kuma gina maganar a kan lafiyar jariri domin miji da uwar miji su ba da goyon baya. A sakamakon da aka wallafa a 2008 kan mata 903 da ke fama da ciwon tun suna da ciki, bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 cikin 100 ne ke da ciwon a cikin waɗanda suka samu shirin, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata suna zama da mutane a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, zama 6 na warware matsala, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna kimanin kashi 14 ne kawai suka ci gaba da nuna alamun ciwon, idan aka kwatanta da kusan kashi 50 na waɗanda ba su samu ba. A Ibadan ma, binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar suna iya kula da masu ciwon har mafi yawansu su warware. Babu abin da zai hana a yi irin wannan da Hausa a asibitocin sha-ka-tafi da wuraren awon ciki, in an samu horo da sa ido na ƙwararru.

Kafin a kai can, dangi suna da abin yi. Su rage cewa cire abin a ranka, su ƙara tambayar me ke zuwa maka a zuci, su saurara ba tare da katse shi ba, su ja shi a hankali zuwa ƙananan ayyuka tare da su. Su kuma san iyakarsu: ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kama da ciwon damuwa, kuma wanda ke jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko yake samun lokutan da ba ya barci yana ta zumuɗi da ɓarnar kuɗi, ko mai jego da ta rikice, duk waɗannan likita suke buƙata ba tare da jinkiri ba. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko iyalinsa za su fi jin daɗi in ba shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa mutum niyyar. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magungunan ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.